Kaka a Dajin Bobiri

Shekara talatin da uku ina zanen zaki
a bayan motocin hayar Aboabo,
zakin da ban taɓa gani ba sai a jikin kalanda.
Na zana mikiya, na zana damisa tana hamma,
direba ya biya, ya ce Allah ya ƙara basira,
ni kuwa in wanke buroshi da kananzir, in yi shiru.

Ranar Asabar jikata Lantana ta ja hannun rigata:
"Kaka, an ce kaka ta shigo, zo mu je mu gan ta."
Na ce, 'yar nan, kakar da mahaifina yake ba ni labari
ta gero ce, ta dami da rumbu, can gabas da Sakkwato.
Ta Kumasi ba ta da zangarniya.
Tata koko ne a shanye bisa tabarmar gora,
da yayyafin la'asar mai zuwa ba sallama.

Muka sauka a Kubease, muka kama sawu.
Gwiwata tana ƙara kamar tsohon ƙyaure,
yarinya tana gaba da littafin zane a ka.
Boadu mai tsaron daji ya ɗaga yatsa: a tsaya.
Kwarkwasa ce ta tare hanya, baƙin zare mai tafiya.
Muka tsallake da ladabi,
kamar masu wucewa ta gaban sahu.

Daga nan inuwa ta haɗiye mu.
Itatuwa sun yi tsawon da hulata ta faɗi wajen kallo.
Ƙanshin ruɓaɓɓen ganye, naman kaza a gindin kututture,
cilakowa ta wuce, fiffikenta yana huci,
biri ya jefo ɓawo, ya leƙo ya ga ko mun ji haushi.

Sai wata 'yar sarari inda rana ta zubo,
a bakin taɓo, su malam-buɗe-littafi sun yi makaranta.
Ɗari? Sun fi.
Wani shuɗi ne da ba ya cikin gwangwanayena,
wani rawaya da ɗigon baƙi kamar tawada ta ɗiga a allo.
Suna buɗewa, suna rufewa,
ba wanda ya ɗaga murya, kowa na biya karatunsa.

Lantana ta miƙa hannu.
Boadu ya ce da Hausarsa ta kasuwa:
"Kama shi, launi ya zauna a yatsa, shi ya mutu."
Ta janye hannun, ta zaro fensir.
Ni ma na roƙi falle ɗaya.
Hannun da ya saba da zaki ya hau rawa
a gaban abin da bai kai kunnen akuya ba.
Sau huɗu ina gogewa.
Kafin in gama fiffike guda, malam ya rufe littafi ya tashi.

Can nesa, bayan iyaka, injin zarto ya yi tari.
Daji ya ɗauke numfashi.
Boadu bai ce komai ba, ya dai dubi agogo,
ya rubuta wani abu a ƙaramin littafinsa.

Da za mu fita ya kai mu inda ake rainon itatuwa,
ya ba mu dashen odum cikin baƙar leda.
Na haƙa rami da hannu, yarinya ta tura ƙasa.
Ya ce sai ya shekara sittin kafin ya zama wani abu.
Na yi lissafi, na yi dariya,
Lantana ba ta gane abin dariyar ba.

Jiya Sahabi ya kawo sabuwar motarsa, yana son zaki.
Na zana masa malam-buɗe-littafi, fiffike ɗaya a karkace.
Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Baba, wannan ai ba ya cizo."
Na ce tafi da shi haka,
wannan dai na gan shi da idona.